Kalmomin Fagen Daga a Bakin Jami'an Hulɗa da Jama'a: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata wuri guda, domin akasarinsu suna tambaya ne a kan wasu kalmomin Ingilishi da aka aro daga bakin soja, waɗanda jami'an hulɗa da jama'a da masu harkar talla ke amfani da su dare da rana. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ainihin abin da masu su ke son sani ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta nazarin aikin jarida da hulɗa da jama'a. An koya mana cewa wannan sana'a ta ƙulla fahimta ce tsakanin kamfani ko hukuma da jama'ar da take hulɗa da su, amma duk shafin da na buɗe sai in ci karo da "campaign" da "strategy" da "tactics" da "target". Da na duba ƙamus sai na tarar dukkansu kalmomin soja ne. Me ya haɗa neman fahimtar juna da yaƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma da yawa daga waɗanda suka daɗe a sana'ar sun daina jin ƙarar makami a cikin waɗannan kalmomi saboda sabo.

Mu fara da "campaign", wadda Hausa ta ara ta mayar da ita kamfe. Tushenta kalmar Latin ce, "campus", wato fili, ta biyo ta Faransanci inda "campagne" ke nufin karkara ko buɗaɗɗen fili. Rundunonin Turai na zamanin da sukan lafe a sansani idan hunturu ya tsananta, sai yanayi ya yi sauƙi su fita fili neman abokan gaba, kuma wannan fita guda, tun daga tashi har komawa sansani, ita ake kira da wannan suna. Saboda haka idan jami'in hulɗa da jama'a ya ambaci kalmar, abin da yake nufi shi ne aiki mai ranar farawa da ranar ƙarewa, mai buri guda da kasafi guda, saɓanin aikin yau da kullum na amsa waya da fitar da sanarwa. Kada ki manta mu ma haka muke yi, tunda muna cewa yaƙin neman zaɓe da yaƙi da jahilci, ba tare da kowa ya nemi garkuwa ba.

"Strategy" da "tactics" daga Girkanci suke, kuma su ne ɗalibai suka fi rikitawa a jarrabawa. Ta farko ta fito daga "strategos", wato jagoran runduna, muƙamin da mutanen birnin Atina ke zaɓar mutum goma su riƙe kowace shekara. Ta biyu ta fito daga kalmar da ke nufin jera dakaru sahu-sahu. Jagoran runduna shi ke yanke shawarar inda za a dosa da dalilin dosarsa, mai jera sahu kuwa shi ke tsara yadda za a tsaya idan an isa. A aikinku, idan asibiti ya ƙudurta cewa zai dawo da amincewar jama'a ta hanyar sa likitocinsa su riƙa magana da bakinsu maimakon a riƙa magana a madadinsu, wannan babban tsari ne, shi ne "strategy". Hirar rediyo ta ranar Talata da taron manema labarai da gajeren bidiyon da za a saka a Facebook kuwa dabarun aiwatarwa ne, su ne "tactics". Ɗalibin da aka tambaye shi babban tsari ya lissafo tarurruka biyar bai amsa tambayar ba. Akwai ma wadda ba ki ambata ba, "slogan", wadda ta fito daga harshen Gelik na mutanen Sikotilan, inda take nufin ihun da mayaƙan dangi ke yi idan za su afka wa abokan gaba. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san aikin kirari da take.

Dalilin da ya sa kalmomin suka yi katutu a wannan sana'a musamman yana cikin tarihinta. A watan Afrilun 1917, mako guda bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson ya kafa wani kwamiti na wayar da kan jama'a ƙarƙashin ɗan jarida George Creel, aikinsa shi ne shawo kan Amurkawa su goyi bayan yaƙin da da yawansu ba sa so. Kwamitin ya tara 'yan sa-kai kimanin 75,000 waɗanda ke tashi a gidajen sinima su yi jawabin minti 4, daidai lokacin da ake ɗauka kafin a sauya faifan fim. Cikin ma'aikatan kwamitin akwai wani matashi, Edward Bernays, wanda bayan yaƙin ya buɗe ofis a New York a 1919 da tunanin cewa dabarun da suka yi aiki lokacin yaƙi za su yi aiki lokacin zaman lafiya. Da yake kalmar farfaganda ta riga ta yi baƙin jini, sai ya kira kansa mai ba da shawara kan hulɗa da jama'a. Sana'ar ba a barikin soja aka haife ta ba, domin Ivy Lee ya riga ya fitar da ƙa'idojinsa na gaya wa 'yan jarida gaskiya tun 1906, amma a lokacin yaƙi ta yi girman da aka san ta da shi, kuma da harshen wancan lokacin ta fito. Ga kuma halin Ingilishin kansa, wanda masana biyu, George Lakoff da Mark Johnson, suka nuna a 1980 cewa yana ɗaukar muhawara tamkar yaƙi, inda ake kai wa hujja hari, a kare matsayi, a kakkaɓo ra'ayin abokin magana.

Kalmar da nake so ki sa wa ido ita ce "target". Ma'anarta abin da ake auna da kibiya ko harsashi, kuma "target audience" na nufin rukunin mutanen da aka nufa da saƙo. Amfaninta a fili yake, domin saƙon da aka yi wa kowa da kowa ba ya shiga kunnen kowa. Illarta ita ce abin da ake auna ba ya mayar da magana, alhali jama'a suna mayarwa. Za ki haɗu da James Grunig da Todd Hunt a karatunki, waɗanda a 1984 suka kasa aikin gida huɗu, suka fifita wanda a cikinsa kamfani ke sauraro har ya sauya halinsa kamar yadda yake so jama'a su sauya ra'ayinsu. Wannan kaso na huɗu ba shi da kalmar soja da ta dace da shi, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna miki iyakar aron.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai fassara ne, an ba ni takardar tsarin aiki ta sashen yaɗa labarai na wani kamfani in mayar da ita Hausa. A shafi guda na sami "we are taking flak" da "damage control" da "war room" da "media blitz". In na bi su kalma da kalma, mai karatu zai zaci kamfanin bataliya ce, in kuma na sake su ina tsoron cin amanar takardar. Ina mafita?

Amsa: Barka kadai, Malam. Tsoronka na farko ya fi na biyu tushe. Na taɓa zama a wani taro inda aka karanta fassarar takarda irin taka, wadda a cikinta aka mayar da "the chairman is under fire" zuwa "an buɗe wa shugaba wuta". Wani dattijo cikin mahalarta ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur, ya juya ga shugaban da ke zaune kusa da shi lafiya ƙalau, ya tambaye shi cikin natsuwa ko a ina harsashin ya same shi. Abin da ya sami shugaban bai wuce sharhi mai zafi a jaridu biyu ba, kuma da mai fassarar ya rubuta "shugaba yana shan suka" da an wuce wurin ba tare da dariya ba. Ka lura ma cewa suka ɗin nan tamu aikin mashi ce da wuƙa, haka ma caccaka, wato Hausa tana da nata makaman da suka daɗe da zama magana, kuma su ya kamata ka ɗauko.

"Flak" taƙaitawa ce ta doguwar kalmar Jamusanci "Fliegerabwehrkanone", bindigar kakkaɓo jiragen sama, kuma matuƙan jiragen Birtaniya da Amurka ne suka shigar da ita Ingilishi a Yaƙin Duniya na Biyu. Hoton da ke cikinta shi ne na jirgin da ke ratsa harsasai masu fashewa ta kowace kusurwa, ba shi da damar tsayawa kuma ba shi da wurin fakewa. Don haka "we are taking flak" na nufin ana yi mana ca, ko muna shan suka ta ko'ina. Ka yi hattara da 'yar'uwarta a furuci, "flack", wadda 'yan jaridar Amurka ke kiran jami'in yaɗa labarai da ita cikin raini. Idan ka gan ta a rubutu, ba yabo ba ne.

"Damage control" ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin yawancin masu faɗarta sun juya mata ma'ana. Kalmar sojan ruwa ce. Idan makami ya sami jirgi a teku, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne su kashe gobara, su toshe ɓula, su rufe ƙofofin ƙarfe don kada ruwa ya bi daga ɗaki zuwa ɗaki, su kuma zuƙe wanda ya riga ya shiga. Kalmar ta yarda tun farko cewa an ji ciwo, abin da ya rage shi ne kada jirgi ya nutse da mutanen cikinsa. Ba a taɓa jin sojan ruwan da ya shafa fenti a kan ɓula ya ce ya gama aiki ba, amma a ofisoshi da dama abin da ake nufi da kalmar ke nan, wato rufa-rufa. Misalin da ake koyarwa na ma'anarta ta asali shi ne na 1982, lokacin da mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson ya gargaɗi jama'a su daina shan maganin, ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa, sannan ya dawo da shi cikin mazubi mai hatimin da ke nuna ko an taɓa buɗe shi. Kishiyar wannan ita ce ta kamfanin BP a 2010, bayan fashewar da ta kashe ma'aikata 11 a Tekun Meziko ta bar mai yana kwarara har kwana 87. Ana cikin haka shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya gaya wa 'yan jarida cewa shi ma yana so ya koma rayuwarsa ta da, maganar da iyalan mamatan da masuntan yankin ba su yafe masa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar. A fassararka ka rubuta "shawo kan ɓarna" ko "taƙaita ɓarna". Idan kuwa ka karanta sakin layin ka ga abin da ake shiryawa ɓoye gaskiya ne, wannan matsalar mai takarda ce, kai dai kada ka ƙara masa da kalmar da ta fi tasa kyau.

"War room" asalinsa ɗakin da shugabanni ke taruwa da taswira suna bin yadda yaƙi ke gudana, irin na ƙarƙashin ƙasa da Winston Churchill ya yi aiki a cikinsa a Landan, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ya shiga harshen siyasa da hulɗa da jama'a sosai a 1992, lokacin da James Carville da George Stephanopoulos suka kafa irinsa a Little Rock domin yaƙin neman zaɓen Bill Clinton, bisa ƙa'idar cewa duk zargin da aka yi da safe sai an mayar da martaninsa kafin labaran yamma. Hausa tana da kalmar da ta zauna daram a nan, wato ko-ta-kwana, sai ka ce ɗakin ko-ta-kwana ko kwamitin ko-ta-kwana, gwargwadon ko wurin ake nufi ko mutanen.

"Blitz" walƙiya ce a Jamusanci, kuma Turawan Ingila sun laƙaba ta ga luguden bama-baman da aka yi wa Landan da wasu biranensu daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941. "Media blitz" shi ne a mamaye rediyo da talabijin da jaridu da intanet da saƙo guda cikin 'yan kwanaki. Luguden talla ya wadatar idan talla ce, idan kuwa hirarraki ne sai ka ce mamaye kafafen yaɗa labarai a lokaci guda.

Tambaya: Malam, wani abokin aikina ya ce kalmar "deadline" da muke faɗa kullum tana da alaƙa da kisa. Da gaske ne ko zolaya yake yi?

Amsa: Da gaske yake. A lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sojojin Kudu sun buɗe sansanin fursunonin yaƙi a Andersonville da ke jihar Georgia a 1864. A cikin shingen sansanin, tazarar kimanin ƙafa 19 daga bango, an kafa wani ɗan siririn katako ya kewaye filin, kuma masu gadi suna da umarnin harbe duk fursunan da ya tsallake shi. Wannan shi ne "dead line", wato layin mutuwa. Cikin fursunoni kimanin 45,000 da suka ratsa sansanin, kusan 13,000 sun mutu, akasarinsu saboda yunwa da cuta, kuma an rataye kwamandan wurin, Henry Wirz, a watan Nuwamban 1865. Ma'anar da muka sani ta wa'adin miƙa aiki ta bazu ne daga ɗakunan labarai na jaridun Amurka wajen shekarun 1920. A Hausa wa'adi ya isa. Darasin aiki guda da ke cikinta shi ne wa'adin ɗan jarida na gaske ne, domin idan ya ce zai rufe labari ƙarfe biyar, martanin da ya iso biyar da rabi bai iso ba, kuma washegari za a karanta cewa an nemi jin ta bakin kamfanin amma ba a samu ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni jami'in hulɗa da jama'a ne a wani kamfani. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa muna jinkirta biyan abokan cinikinmu haƙƙoƙinsu, kuma a cikin rahoton akwai gaskiya akwai kuskure. Tun ranar shugabanmu ba ya faɗar komai sai "we must go on the offensive" da "fire a shot across his bow" da "stick to our guns". Na fahimci fushi yake yi, amma ina so in san ainihin abin da kowace ke nufi, da kuma ko shawara ce mai kyau.

Amsa: Tare da naka, Malam. Ta farko tana nufin a daina kare kai a koma kai farmaki, wato a bar amsa zargin a juya kan mai zargin, a tono kurakuransa ko a tuhumi niyyarsa. Ta biyu daga teku take, inda jirgin yaƙi ke harba igwa ta gaban goshin wani jirgi, ba don ya same shi ba sai don ya gane cewa harbi na gaba ba zai kuskure ba. A ofis wannan yawanci wasiƙar lauya ce mai barazanar kai ƙara. Ta uku umarni ne ga mai harba igwa kada ya bar bakin bindigarsa komai ruwan wuta, wato a kafe a kan matsayi ba gudu ba ja da baya. Ka lura dukkansu ukun sun ɗauka an riga an san wane ne abokin gaba, kuma babu wadda ta tambayi ko abin da aka rubuta gaskiya ne.

Tunda shugabanka yana son harshen soja, akwai wata kalmar da ya kamata ka kai masa, ita ce "Pyrrhic victory". Pyrrhus sarkin Epirus ne a yankin Girka, ya ci Rumawa da yaƙi a shekara ta 280 da ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya yi asarar zaratan mayaƙansa har aka ruwaito yana cewa wata nasara guda irin wannan za ta gama da shi. Sana'arku tana da nata Pyrrhus ɗin. A 1990 kamfanin McDonald's ya kai ƙarar wasu 'yan fafutuka a Landan saboda wata 'yar takarda da suke rabawa a titi suna sukar abincinsa da yadda yake tafiyar da ma'aikatansa. Wasu sun ba da haƙuri, amma biyu, Helen Steel da David Morris, suka ƙi, kuma da yake ba su da kuɗin lauya sai suka tsaya wa kansu a kotu. An yi kwana 313 ana zaman shari'ar, abin da ya sa ta zama mafi tsawo a tarihin kotunan Ingila a lokacin. A 1997 alƙali ya ba kamfanin gaskiya a wasu batutuwa ya yanke hukuncin a biya shi diyyar fam 60,000, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 40,000, amma ya kuma tabbatar da cewa wasu zarge-zargen gaskiya ne, ciki har da ƙarancin albashi da yadda tallan kamfanin ke cin gajiyar yara. Kamfanin ya kashe miliyoyin fam, bai karɓi diyyar ba, takardar da 'yan tsiraru suka gani a da kuwa ta zaga duniya cikin harsuna da dama. Garin neman gira aka rasa ido.

Ba ina cewa kada a taɓa zuwa kotu ba, domin ƙaryar da aka ƙirƙira da gangan don a ɓata suna tana da hukuncinta. Amma kai da bakinka ka ce a rahoton akwai gaskiya, kuma wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka zauna da sashen kuɗi ka san mutum nawa ne ba a biya ba da tsawon jinkirin, ka ware kurakuran rahoton ɗaya bayan ɗaya da hujjar kowanne a rubuce, sannan ka aika wa editan jaridar gyara cikin ladabi tare da ranar da za a biya waɗanda ke bin ku. Ka kuma tuna wa shugaba cewa ba ɗan jaridar kaɗai zai karanta martaninku ba, waɗanda ba a biya ba su ma za su karanta, haka ma ma'aikatanku da suka san gaskiyar lamarin. Harin da aka auna ɗan jarida da shi ya sauka a kan waɗannan shi ne abin da soja ke kira "friendly fire", wato wutar da ta ci na gida. Akwai kuma "bunker mentality", halin shugabannin da suka shige rami suka toshe ƙofa, suna ganin duk mai tambaya maƙiyi ne, har da na cikin gida da ya kawo labarin da ba a so. Idan shugaba ya ce sassautawa tsoro ne, kana da amsa a harshenka, domin ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kalma guda kuma ina roƙonka kada ta fito a sanarwarku ko da wasa, ita ce "collateral damage". Da ita kakakin soja ke ambaton fararen hular da hari ya kashe ba tare da ya ce mutane ba, kuma ta yi ƙaurin suna tun yaƙin Tekun Fasha na 1991. Abokin cinikin da ya ji an kira shi da ita ya san matsayinsa a wurinku.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin "guerrilla marketing" da "ambush marketing"? A wurin aikinmu ana faɗarsu kamar abu guda ne.

Amsa: Ba abu guda ba ne, kuma bambancin yana iya kai mutum gaban alƙali. "Guerrilla" kalmar Sifaniyanci ce mai nufin ƙaramin yaƙi, ta yi suna lokacin da mutanen Sifen suka addabi sojojin Napoleon daga 1808 zuwa 1814 da abin da muke kira yaƙin sunƙuru ko sari-ka-noƙe. Jay Conrad Levinson ne ya yaɗa ta a harkar talla a 1984, yana nufin dabarar mai ƙaramin jari wanda ba zai iya sayen lokacin talabijin ba, sai ya yi wani abin ba-zata mai arha a inda jama'a ke taruwa, abin da zai sa a yi ta maganarsa har 'yan jarida su ɗauka kyauta. Muddin an sami izinin wurin kuma ba a tsorata kowa ba, babu wanda aka shiga haƙƙinsa.

"Ambush" kuwa kwanton ɓauna ne, kuma a nan akwai wanda aka yi wa kwanton. Kamfani ya biya maƙudan kuɗi ya zama mai ɗaukar nauyin wata gasa a hukumance, sai abokin hamayyarsa ya laɓe ya fito a daidai wurin, jama'a su zaci shi ma yana ciki. A gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, Fuji ne ya sayi wannan matsayi a ɓangaren fim ɗin ɗaukar hoto, sai Kodak ya je ya ɗauki nauyin watsa gasar a talabijin ɗin Amurka, masu kallo da yawa suka kasa bambance wane ne na hukuma. Wannan ya tsaya cikin doka, amma tun daga lokacin masu shirya manyan gasanni suka riƙa neman ƙasashen da za su karɓi baƙunci su kafa dokokin hana irin haka.

Shi ya sa abin ya zo da wani salo a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. A wasan Holan da Denmak a Johannesburg, mata 36 suka bayyana a cikin 'yan kallo sanye da riguna iri ɗaya masu ruwan lemo, waɗanda kamfanin giya na Bavaria ya raba, alhali Budweiser ne ya biya FIFA kuɗin wannan matsayi. An fitar da su daga filin, aka kama biyu 'yan Holan da ake zargin su suka shirya abin aka gurfanar da su a kotu, kuma ba a janye tuhumar ba sai da kamfanin ya sasanta da FIFA. Kamfanin ya sami tallan da yake nema, amma matan ne 'yan sanda suka tsare. Idan a wurin aikinku ana shirin wani abu kusa da filin wata gasa ko wani babban taro da wani ya ɗauki nauyinsa, a nemi lauya ya karanta sharuɗɗan tikiti da dokar ƙasar da abin zai gudana kafin a ɗinka riga ko guda.